Na je ƙauyen Nebraska, inda ciyawa ke biyan albashin malamai

Jihar Nebraska tana can tsakiyar Amurka, mutanenta wajen miliyan biyu ne amma shanunta sun haura miliyan shida, to tun daga nan ai ka san irin wurin da za mu. Ni karatu ne ya kawo ni Lincoln, babban birnin jihar, ɓangaren tafiyar da makarantu nake, kuma kafin in zo na ɗan taɓa koyarwa a firamaren ƙauye a gida, shi ya sa duk sanda aka fara zancen makarantun karkara a aji sai in gyara zama. Akwai wata 'yar ajinmu, malama ce a wata ƙaramar makaranta can yammacin jihar, ta kwamfuta take shiga darasi saboda nisa, kullum in muhawara ta yi zafi sai ta ce ku dai daga birni kuke magana. Rannan na ce mata to ni fa ina son in zo in ganewa idona, ta ce in zo amma in daidaita da ranar da hukumar makarantarsu ke zama, wai a nan zan ga abin da ba ya cikin littafi. Na lallaɓi wani yayanmu ɗan Zariya da ya daɗe a ƙasar, shi ke da mota, muka kama hanya cikin watan Oktoba. Sunan garin nasu dai zan bar shi a cikina, don garin ƙarami ne sosai, in na faɗa kamar na nuna mutane da yatsa ne.

Daga Lincoln babban titi mai lamba 80 muka bi muka miƙe yamma, gonakin masara dama da hagu ana ta girbi, Grand Island, Kearney, Lexington, North Platte, ba wani abin labari sai manyan tireloli. Bayan mun wuce North Platte da kaɗan agogon wayoyinmu ya koma baya da awa guda, don yammacin jihar lokacinsu daban ne da na gabas, Yaya ya ce to Malam an ƙara mana awa ɗaya kyauta sai mu yi azahar a natse. A Ogallala muka sha mai muka yi sallah a gefen gidan man, yayan nawa ya ce in cika cikina da ruwa da biskit don gaba ba lallai mu ga shago ba, na ɗauka zolaya ce.

Muna juyawa arewa a titi mai lamba 61, muka haye madatsar ruwa ta Kingsley da ta tare tafkin McConaughy, sai duniya ta canza. Tuddan rairayi ne jere-jere iya ganinka, irin na Tulo-Tulowa a wajen Yusufari, sai dai waɗannan ciyawa ta lulluɓe su ruf. Sandhills suke kiran yankin, ya cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Ba a noma a nan sosai don in ka sa garma ka yaye ciyawar iska za ta kwashe ƙasar, sai kiwo. Ruwa kuwa yana nan ƙarƙashin ƙasa kusa-kusa, ko'ina za ka hango famfon iska yana juyawa yana zuba ruwa a wani faffaɗan kwano na ƙarfe, baƙaƙen shanu marasa ƙaho sun kewaye shi. Sai mu yi tafiya mai nisa ba mu gamu da mota ko ɗaya ba, in kuma mun gamu da ita direban sai ya ɗaga mana yatsa daga kan sitiyari, gaisuwarsu ke nan. Sabis ɗin waya ma ɗaukewa yake yana dawowa.

Mun tsaya a wani gari Arthur, wajen mil arba'in daga Ogallala, hedikwatar ƙaramar hukuma ce guda amma wallahi unguwa ɗaya a Zariya ta ninka shi. Ƙidayar 2020 ta ce mutum 434 ne a duk faɗin ƙaramar hukumar, kuma faɗin nata ya haura murabba'in kilomita 1,800. Akwai tsohon ginin kotunsu na katako da aka yi a 1914, ƙafa 26 ne a 28, yanzu gidan tarihi ne, sannan akwai wani coci da aka gina a 1928 da matsattsun dammunan ciyawa aka yaɓe da ƙasa, saboda a lokacin ba itace ba dutse a yankin. Abin da ya fi jan hankalina shagon kayan masarufinsu ne, Wolf Den Market. Shagon garin ne ya rufe, mutane sai sun je Ogallala kafin su sayi madara da burodi, sai ɗaliban sakandaren garin suka tashi da shirin buɗe wani a shekarar 2000, jama'a suka shigo ciki ya zama na haɗin gwiwa. Daga nan na fara gane cewa a wannan yankin makaranta ba wurin karatu kaɗai ba ce, kusan ita ce ke riƙe da garin.

Muka ƙara gaba, da la'asar sakaliya muka isa garin malamar. Titi ɗaya ne mai kwalta, gidan waya, coci, wurin sayar da abincin dabbobi, sai ginin makaranta na jan bulo wanda ya fi komai girma a garin, filin ƙwallo a bayansa, bas-bas masu launin ɗorawa a jere. Tun daga 'yan nazare har ajin ƙarshe na sakandare duk a harabar nan suke, kuma gaba ɗayansu ɗari ne da 'yan kai. Ni da na tsaya gaban aji ɗaya mai yara kusan haka ni kaɗai da alli a hannu, sai na yi dariya kawai.

Bari in ɗan yi bayanin tsarin don wanda bai sani ba. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da makarantun firamare da sakandare na jama'a irin yadda muke tunani, harkar ilimi ta jihohi ce, su kuma jihohin sun yanka ƙasarsu gunduma-gunduma, a yawancin jihohi kowace gundumar makaranta gwamnati ce mai zaman kanta, tana da iyaka a taswira, tana da zaɓaɓɓun shugabanni, kuma tana da ikon ɗora wa mutane haraji. Ba ta ƙarƙashin ciyaman na ƙaramar hukuma, ba ta ƙarƙashin magajin gari. Irinsu sun kai wajen 13,000 a ƙasar. A Nebraska kaɗai wajejen 1920 sun haura 7,000, galibinsu makarantu ne masu ɗaki ɗaya da malama ɗaya a tsakiyar daji, yanzu ba su kai 250 ba. Raguwar nan ba cikin daɗi aka yi ta ba. A 2005 majalisar jihar, wadda ita kaɗai ce a Amurka mai zaure ɗaya da sanatoci 49, ta yi dokar da ta tilasta wa ƙananan gundumomi masu firamare zalla su narke cikin manya, gwamna Dave Heineman ya hau kujerar naƙi, majalisa ta tsallake shi, aka rushe su a tsakiyar 2006. Mutanen karkara suka tara sa hannu aka kai maganar akwatin zaɓe, a Nuwamban 2006 jama'a suka soke dokar, amma ina, aikin gama ya gama, gundumomin ba su dawo ba. Har yau in ka taɓo zancen nan wa dattawan yankin za ka ga fuskarsu ta sauya.

Washegari na wuni a makarantar. Abin da na fara gani da safe, wani yaro da bai fi shekara goma sha huɗu ba ya shigo da a-kori-kura, ƙannensa biyu a ciki, ya yi fakin ya kashe ya ɗauki jakarsa. Na kalli malamar, ta ce doka ta yarda, yaran karkara suna samun wani lasisi na musamman tun suna sha huɗu da 'yan watanni don zuwa makaranta da komawa, in ba haka ba uwa za ta ɓata rabin yininta a hanya. Waɗanda bas ba ta kaiwa gidajensu kuma gunduma tana biyan iyayen kuɗin mil. Ajin kimiyyar da na shiga yara bakwai ne, malami ɗaya ke koyar da duk wani abu mai suna kimiyya a sakandaren, shi ne kuma kociyan ƙwallo, da yamma in direba bai samu zuwa ba shi ke jan bas. A wani ɗaki na tarar da yarinya ɗaya tal da abin sauraro a kunne tana bin darasin lissafi ta bidiyo daga kwalejin Mid-Plains, makin da za ta samu zai bi ta har jami'a. Masu gyaran maganar yara da masu kula da yara masu buƙata ta musamman ba a nan suke zaune ba, akwai wasu cibiyoyi 17 a jihar da suke ɗaukar irin waɗannan ƙwararru su riƙa zagayawa da su makaranta-makaranta, kowa ya biya rabonsa.

Da rana aka kai mu ɗakin cin abinci, abincin ranar wake ne da niƙaƙƙen naman sa cikin miyar tumatir mai yaji-yaji, sai aka haɗa da wani naɗaɗɗen burodi mai suga da kirfa, wai haka ake ci a makarantun jihar tun kaka da kakanni, har wasu yaran tsoma burodin suke a miyar. Yaya ya kalle ni ya ce Malam wannan kuma wace irin bidi'a ce. Mun dai ci burodin da madara. Yaran da suka zauna kusa da mu ba su tambaye ni zaki ko giwa ba, tambayar farko da wata 'yar aji biyar ta yi mini ita ce wane irin shanu gare ku. Na buɗe waya na nuna musu bunaji da rahaji da bokolo, kan ka ce kwabo teburin ya cika, suna ta mamakin ƙahon rahaji da tozo, wani ya tambaya nauyin ɗan maraƙi nawa ne in an yaye shi, wata ta ce a wane wata suke haihuwa. Yara 'yan shekara goma fa. Ƙwallon Amurka ma da ake bugawa mutum sha ɗaya-sha ɗaya, su shida-shida suke yi don ba su da yawan da za su cika fili, kuma a jihar aka ƙirƙiro wannan salon, wani malami Stephen Epler a garin Chester a 1934.

Shugaban gundumar, sufuritanda suke ce masa, ofishinsa na bakin ƙofar shiga. A manyan birane mai wannan muƙamin yana da ɗaruruwan ma'aikata, a nan shi da akawu mace ɗaya ne, kuma shi ne dai ke riƙe da aikin hedimastan firamaren. Na tambaye shi kuɗi daga ina, sai ya tashi ya nuna mini taswirar gundumar a bango ya ce daga nan. Harajin ƙasa da gine-gine shi ne uwa uba. Jami'in kimanta dukiya na ƙaramar hukuma yana sa wa kowane fili da gida daraja, gida ana lissafa shi da cikakken farashin kasuwa, ƙasar noma da kiwo kuma kashi 75 cikin ɗari na farashinta. Hukumar makaranta ta tsara kasafinta a watan Satumba, ta ga nawa take nema, sai ta yanka kason da kowa zai biya a kan kowace dala ɗari ta dukiyarsa. Doka ta sa musu rufi, dala ɗaya da santi biyar a kan dala ɗari, ba za su wuce ba sai sun koma wa jama'a an kaɗa ƙuri'a. Gwamnatin tarayya abin da take sawa ɗan kaɗan ne, a ƙasar baki ɗaya wajen kashi goma ne, na abincin rana da yaran talakawa da masu buƙata ta musamman, da wani ɗan tallafi na gundumomin karkara masu ɗalibai ƙasa da 600. Akwai kuma wani tsohon tanadi da ya burge ni, tun da aka ba Nebraska jiha a 1867 aka ware wasu filaye a kowane yanki aka ce na makaranta ne, har yanzu sama da eka miliyan ɗaya na nan ana ba makiyaya da manoma haya, kuɗin hayar a raba wa makarantun jihar.

Jiha fa, na ce. Nan ya yi wani murmushi. Tun 1990 suke da dokar rabon tallafi, lissafinta a taƙaice shi ne a auna buƙatar gunduma, a auna abin da dukiyarta za ta iya kawowa, in akwai giɓi jiha ta cike. To da farashin ƙasa ya yi tashin gwauron zabi daga wajejen 2008 zuwa 2015, sai takarda ta nuna gundumomin karkara attajirai ne, ga ƙasa mai tsada ga yara kaɗan, aka wayi gari kusan biyu cikin uku na gundumomin jihar ba sa samun ko sisi daga wannan kason, kuɗin yana tafiya Omaha da Lincoln da garuruwa masu yara da yawa. Sai a 2023 zamanin gwamna Jim Pillen aka kawo dala 1,500 a kan kowane ɗalibi ko ina yake, jiha ta ɗauki kashi 80 na kuɗin yara masu buƙata ta musamman, amma aka haɗa da takunkumi, kuɗin shigar gunduma kada ya riƙa ƙaruwa fiye da wajen kashi uku a shekara sai da amincewar mafi rinjayen 'yan hukuma ko na jama'a. Sai wata hanya kuma, tun 1989 doka ta ba iyaye damar kai ɗansu makarantar wata gunduma da ba tasu ba, kuma wani kaso na kuɗin jiha yana bin yaron, don haka iyali ɗaya mai yara huɗu in suka sauya makaranta sai an ji a kasafi.

Ban gama fahimtar nauyin abin ba sai da daddare a gidan surukin malamar, dattijo ne makiyayi, kuma ɗaya ne daga cikin 'yan hukumar makarantar. Bayan an ci abinci ya jawo wata durowa ya fito da takardar harajinsa ya shimfiɗa a teburin kicin, ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa. Ga na ƙaramar hukuma, ga na 'yan kwana-kwana, ga na hukumar kula da ruwa da ƙasa, ga na makaranta, kuma na makarantar shi kaɗai ya fi sauran duka in an haɗa. Bari in ba ku misali da lissafi mai sauƙi, ba nasa ba. A ce eka ɗaya ta ciyawa dala dubu ce a kasuwa, za a lissafa ta a 750, in kason makaranta santi saba'in ne a kan dala ɗari, eka ɗaya ta biya dala biyar da santi ashirin da biyar. Kamar ba komai ko? To a yankin nan saniya ɗaya da ɗanta sai sun ci eka goma ko fiye, don haka mai eka dubu goma ba wani hamshaƙi ba ne, kuma shi zai biya dala 52,500 duk shekara wa makaranta kaɗai, ko an yi fari, ko farashin maruƙa ya faɗi, ko yana da ɗa a makarantar ko ba shi da shi. Ba a ƙirga shanun, ƙasar ake bi. Shi kuwa malamin da ke zaune a gidan haya cikin gari kusan ba abin da ke fita daga aljihunsa kai tsaye. Dattijon ya ce shi ke ɗaga hannu a ƙara kason, shi ne kuma takardar ke fara samu a gida, sannan gobe ya haɗu da maƙwabcinsa a wurin gwanjon shanu ya sha tambaya. Na ce to me ya sa bai bari a haɗe su da wata gundumar a huta ba. Ya cire tabarau ya ce jikarsa 'yar shekara shida yanzu ma kusan awa take yi a bas kafin ta iso, in an rufe nan sai ta yi nawa, kuma ya lissafa mini garuruwan da ya sani da aka rufe makarantarsu, ya ce in je in duba ko akwai sauran shago ko gidan mai a cikinsu.

Zaman hukumar a laburaren makaranta aka yi shi da ƙarfe bakwai na dare. Mutum shida ne, zaɓensu ake yi na shekara huɗu-huɗu, ba a sa sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a, kuma ba albashi ba alawus na zama. Makiyaya huɗu, wata ma'aikaciyar jinya, da wata da ke aiki a banki a wani gari. Hulunansu na kaboyi a ajiye a kan kantar littattafai. Shugaban hukumar ya buɗe taro ya nuna inda aka manna dokar zaman fili a bango, wajibi ne ya yi hakan duk zama, don kowa na da ikon shigowa ya zauna ya saurara, har da mu baƙi, ba wanda ya tambaye mu takarda. Sai aka raba jerin kuɗaɗen da za a biya na watan, kowane ɗaya da sunan wanda za a ba da adadin, kuɗin gas na ɗumama azuzuwa, tayoyin bas, madara, alƙalan wasa, har wata 'yar ƙaramar takarda ta gyaran famfo. Wata daga cikinsu ta tsaya a kan kuɗin dizal ta ce ya aka yi ya ɗara na watan jiya, akawu ta ce wasannin waje ne suka yi yawa kuma garuruwan da nisa, aka wuce. Wannan jerin ana buga shi a jaridar yankin, kwantiragin sufuritandan ma da albashinsa doka ta ce sai an sa a shafin makarantar na intanet. Ƙuri'a kuma da suna ake kira, kowa ya ce e ko a'a a rubuta.

Magana biyu ce ta ci lokaci. Ta farko bas, ɗaya ta tsufa tana yawan mutuwa a hanya ga hunturu na tafe, ana ta ja tsakanin sabuwa da ta hannu, dattijon namu ya ce shi ba zai iya kallon mutane ya ce musu an sayi sabuwa fil a shekarar da ciyawa ba ta yi kyau ba. Aka ɗage zuwa wata mai zuwa a nemo farashi. Ta biyu ta fi tsanani, malamin kimiyyar nan zai yi ritaya ƙarshen shekara, an tallata gurbin ba wanda ya nema. Matasan malamai ba sa son zuwa inda babban kanti ke da tafiyar awa guda, gidan haya ma babu, shi ya sa gundumar ke da 'yan gidaje nata da take ba malamai da rahusa. Albashin malamai su hukumar ke zama da ƙungiyar malaman makarantar su daidaita, in an kasa akwai wata kotun ma'aikata ta jiha da ke yanke hukunci ta hanyar duba abin da makarantu masu kama da su ke biya, yajin aiki haramun ne ga ma'aikatan gwamnati a jihar. Wata uwa ta miƙe a lokacin jin ra'ayin jama'a ta yi ƙorafi a kan jadawalin wasanni, wai yara na dawowa tsakar dare ga jarrabawa da safe, ta kira shugaban da sunansa na yanka ba wani ranka ya daɗe, shi ma haka ya amsa mata.

Batun ƙoƙarin yara kuwa, a nan na fi samun abin tunani. Jiha tana yi wa 'yan aji uku zuwa takwas jarrabawar Turanci da lissafi duk shekara, 'yan aji sha ɗaya kuma, wato na kusa da ƙarshe a sakandare, kowa sai ya zauna jarrabawar shiga jami'a ta ACT, daga nan a jera makarantu mataki huɗu, daga mafi kyau zuwa mai buƙatar agaji. Amma in ka buɗe shafin ma'aikatar ilimi ka nemi ƙaramar makaranta irin wannan, gurabe da yawa alamar tauraro za ka gani ba lamba ba, don in yaran rukuni ba su kai goma ba ɓoye sakamakon ake yi kada a gane na wane ne. Inda lambar ta fito ma sai ka yi hattara, a aji mai yara takwas yaro ɗaya kashi goma sha biyu da rabi ne, in ya kwana da zazzaɓi ranar jarrabawa sai a ce makaranta ta faɗi, baɗi a ce ta tashi. Kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi kuma ya fi na birni nesa ba kusa ba, dole ne, malami ɗaya ne ko yara bakwai ko ashirin da biyar, kuma wannan lambar 'yan birni ke ɗagawa a majalisa in ana zancen haɗe gundumomi. Ni abin da na gani, yaro ba ya ɓacewa a nan. In bai zo ba kafin tara an kira gidansu, in karatunsa ya ja baya malama ta san ko haihuwar shanu ce ta hana shi barci, kusan duk wanda ya shiga yana gamawa. Amma kada in yi muku daɗin baki, zaɓin darussa kaɗan ne, mai son wani harshe ko kimiyya mai zurfi sai dai ta allon kwamfuta, in jininka bai haɗu da malamin lissafi ba haka za ka haƙura da shi shekara shida don babu wani, yaron da ya fita daban kuma ba shi da inda zai ɓuya a garin da kowa ya san kakarsa. Sannan mafi yawan masu ƙoƙarin in sun tafi jami'a a Lincoln ko Kearney ba sa dawowa, wato makiyayan nan da kuɗinsu suke yi wa birni renon ma'aikata.

A hanyar dawowa muka kaure da gardama ni da Yaya. Shi cewa yake ai mu ma a yi haka kawai, kowane gari ya riƙe makarantarsa. Na ce Yaya da wane kuɗin? A wurinmu albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, wanda shi ma daga asusun tarayya yake gangarowa, gini kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya sai jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka, kwamitin iyaye da masu gari da ake kafa wa kowace makaranta ba shi da ikon ɗaukar malami ko sallamarsa balle ya sa haraji. Ya ce to da can fa, zamanin En'e ba da haraji da jangali aka gina elementare ba? Na ce haka ne, amma ka tuna yadda ake karɓarsu, da dalilin da ya sa talakawa suka yi murna da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979, mai biya a lokacin ba shi da bakin tambayar ina kuɗin suka shiga. Kuma ko a Amurkan tsarin nan yana da mugun gefe, gundumar da Allah bai ba ƙasa mai tsada ba haka yaranta za su taso a makarantar da ba ta da komai, an sha zuwa kotu a jihohi da dama a kan haka. Yaya ya ce duk da haka shi dai a ba shi jerin nan na kuɗin dizal da madara a manna a ƙofar kowace firamare, ko da kuɗin daga Abuja suka zo. A nan kam ban yi masa musu ba.

Bayan an shiga hunturu malamar ta turo mini saƙo, sun sayi bas ta hannu daga wata gunduma da ta rage hanyoyinta, ƙuri'a biyar da ɗaya. Gurbin malamin kimiyya har lokacin ba a samu kowa ba, suna magana da maƙwabtansu ko za su raba malami ɗaya, kwana uku can kwana biyu nan, in hakan bai yiwu ba sai dai ta bidiyo, ita kuma an ce ta fara shirin karɓar ajin kimiyyar 'yan aji bakwai a kan nata.